Minti Huɗu a Gefen Allo

Shekara uku Tsalle yana jan ƙafar hagu, yana faɗa wa kowa cewa a wurin ɗaukar fim ya karye. Aikinsa ke nan a da: jarumai su zauna a inuwa, shi kuma ya faɗo daga bene a madadinsu. Amma da fim ɗin ya fito a silima, babu faɗowar, babu shi. An yanke.

Ƙanin matarsa, mai aski, bai taɓa raga masa ba. "Yaya, mun kalli fim ɗin nan sau biyu, ko ƙeyarka ba mu gani ba. Faɗi gaskiya, a banɗaki santsi ya kwashe ka."

Sai kamfanin ya fitar da dogon fim ɗin, aka mayar da duk abin da aka yanke. Tsalle ya aro kujeru, ya gayyato surukai da maƙwabta da la'asar. Shi ma bai kalla ba tukuna, so yake su gani tare.

"Ga ni can! Mai jar riga!"

Jarumi ya kai masa ƙafa, ya faɗo daga hawa na biyu, ya kuskure katifar da aka ɓoye a ƙasa. Aka ji ƙarar ƙugunsa a kan siminti.

A silima, faɗan bai kai minti ɗaya ba. A nan minti huɗu ne cur, kuma kyamara ba ta tsaya ba. Jarumi na ta dukan mutane a tsakiyar allo, a can gefe kuwa mai jar riga na jan ciki, yana ɗaga hannu, bakinsa a buɗe. Wani ya tsallake shi. Wani ya taka masa yatsu ya wuce.

Mai aski ya fashe da dariya har da buga cinya. "Na yarda, Yaya, wallahi na yarda! Ku dubi yadda yake iyo a tudu!"

Falo ya ɗauka da dariya. Mutum in ya ga ciwo a allo, ba ya jin kunyar yi masa dariya, ko da mai ciwon na zaune kusa da shi.

Matar Tsalle ce kawai ba ta yi ba. Ta ajiye faranti, ta ce a hankali, "Baban yara, ba ce min ka yi nan take suka tsayar da aiki ba? Ka ce darakta da kansa ya ɗauke ka."

Tsalle ya kafa wa allo ido. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Surukarsa ta share hawayen dariya da bakin mayafi. "Ɗan nan, dawo mana da shi baya, wurin da ka ɗaga hannun nan. Ban gani da kyau ba."

Rimot ɗin na hannunsa. Baƙinsa ne, shi ya kira su. Ya danna.