Damin Kunkuru

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Kawu ya san teburin da ke ƙarƙashin madubi kashi biyu ne. Rabi na almakashi da reza da injin aski, rabi kuwa na kati, kuma wannan rabin ba a ɗora masa ko hula. Ba katin caca ba ne, kada a yi wa mutumin sharri. Irin katin nan ne mai hotunan dabbobi da ake saye a ƙunshi, kowa ya zaɓi nasa ya haɗa abin da 'yan wasan ke kira dami, a zauna mutum biyu a gwabza har dabbobin ɗaya su gama da ɗaya. Kawu ya ba hamsin baya, furfura ta cinye masa gemu, amma a tayar da zancen katin nan sai ya manta da kan da yake yi wa aski.

Dogo ne ya jawo masa, ɗan ƙanwarsa. Uwar ta rasu yana ƙarami, aka kawo shi gidan Kawu da kayansa a jaka ɗaya, yaro shiru-shiru, ba kuka ba dariya. Wata rana Kawu ya sayo masa ƙunshin kati don ya ga ko zai saki jiki, ya kuwa saki. Tun daga nan kullum da yamma, in an share gashi an wanke tsumma, sai su jawo kujeru biyu su baje kati.

Dokar wasan ba ta da tausayi: ka ajiye kati ka ɗauke hannunka, to ya zauna. Dogo yana yaro ba ya jure wannan, da ya yi kuskure sai leɓensa ya hau rawa. Sai Kawu ya ƙirƙiro musu tasu dokar ta cikin gida. Wanda ya yi kuskure ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu da ɗan yatsa, ɗayan kuma ya ɗaga kai ya kalli silin kamar yana neman gizo-gizo, har a janye katin. Ba magana, ba gori. Shekaru suka shuɗe a haka har abin ya bi jikinsu.

Sannan Dogo ya girma, ya sami aikin ofis, ya kama ɗakinsa. Ya kuma gano shagon kati da ke hawa na biyu na wani bene a babban titi, inda ake gasa duk shekara, inda wani mai ƙaton agogo da ake kira Kyaftin ke riƙe da babban tebur shi da yaransa. Dogo ya shige cikinsu. Zuwan kullum ya koma na mako, na mako ya koma "Kawu, aiki ya yi mini yawa." Askin ma ya daina kawowa.

Kawu bai yi fushi ba. Da ya yi fushin ma da ya fi masa sauƙi. Maimakon haka sai ya ƙudura a ransa cewa yaron kunyarsa yake ji don yana ganin bai iya ba, kuma ranar da ya nuna ya iya a gaban mutanen nan, Dogo zai dawo kujerarsa ta yamma. Abin da yake so ke nan, ba kofi ba, ba kyauta ba.

'Yan babban tebur duk dami ɗaya suke riƙe, damin Damisa, wanda suka kwafo daga waya har da jerin yadda ake buga shi. Dabbobi ne masu sauri, kafin ka gyara zama sun yayyaga ka. Kawu ya zauna ya haɗa nasa da katunan da kowa ke zubarwa a kwali: kunkuru, bushiya, dodon koɗi, duk masu jan ciki da ɓawo mai tauri. Su tare hanya, su sha duka, su jira. In abokin wasa ya cika tebur da damisoshinsa, sai Kawu ya ajiye katin Tudu dabbobinsa su haye, sannan ya saki katin Ambaliya ruwa ya share duk abin da ke ƙasa. Tudu tukuna, sannan Ambaliya. Watanni ya yi yana gwadawa shi kaɗai, hannun dama da hannun hagu.

"Malam, kai da za ka je ka zauna cikin sa'o'in 'ya'yanka," in ji matarsa da safen gasar, tana goge masa riga. "In yaron nan yana son ganinka ai ya san hanya."

"Ba ki san wasan ba ne," in ji Kawu.

"Wasan ne ban sani ba. Yaron kuwa ni na yi masa wanka."

Shagon ya cika maƙil, fanka tana juya zafi, kowa da akwatinsa mai sheƙi. Kawu ya shigo da daminsa a cikin tsohon gwangwanin hoda. Mai shagon, wanda shi ne alƙalin gasar, ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya yana danne dariya. Kyaftin ya leƙo ta kafaɗarsa, shi bai danne komai ba.

"Baba, ko ka ɓata hanya ne? Layin 'yan fansho yana ƙasa." Ya ɗaga kati ɗaya sama. "Ku zo ku gani, jama'a, kunkuru! Wallahi da shi nake tokare ƙafar teburina a gida."

Aka kwashe da dariya. Wani ya taɓa Dogo, wanda ke jingine da bango yana latsa waya. "Kai, ba kawunka ba ne wannan?"

Dogo bai ɗago ba. "Mai askin unguwarmu ne," in ji shi.

Kawu ya ji. Abin ya soke shi har ƙashi, amma ya haɗiye, ya ce wa kansa bari dai a fara.

Aka fara. Yaro na farko ya zauna yana taunar cingam, ya watso damisoshinsa, suka yi ta dukan kunkuru kamar masu dukan turmi. Kawu ya ajiye Tudu, ya saki Ambaliya, tebur ya zama fayau. Yaron ya tsaya da cingam a baki yana karanta katin, ya juya bayansa ko akwai wani bayani. Na biyu ya ce sa'a ce. Na uku ya tattara ya fita shan iska. Wayarsu ta koya musu yadda ake kashe Damisa da Damisa, ba wanda ya gaya musu abin da ake yi da kunkuru. Kyaftin da kansa ya faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, ya tashi yana cewa wannan ba wasa ba ne, ɓata wa mutane lokaci ne. Kawu ya miƙa masa hannu, ya yi kamar bai gani ba.

A ɗaya ɓangaren kuwa Dogo ne ya fito zuwa wasan ƙarshe. Da ma ya fi su duka, ai Kawu ne ya koya masa.

Aka share babban tebur, aka kewaye su. Kyaftin ya tsaya a bayan Dogo ya dafa kafaɗarsa, ya sunkuya ya ce da ƙarfin da kowa zai ji, "In ka bari tsohon nan ya ci mu, kada ka sake hawowa benen nan." Kawu kuwa murna ce fal cikinsa. Rabon da ya zauna gaba da gaba da yaron nan har ya manta, yau ga shi, ga kati a tsakaninsu.

"Bismilla, Dogo," in ji shi a hankali.

"Kai za ka fara, malam," in ji Dogo.

Wasan ya yi tsawo. Dogo ya san hannun Kawu kamar yadda ya san hanyar gida, bai zubo dabbobinsa gaba ɗaya ba, yana sakinsu da ɗaiɗai. Amma hannun Kyaftin na kan kafaɗarsa, gumi na bin wuyansa. Can ya tura babbar Damisarsa kan bushiya, ya ɗauke hannu. Nan take fuskarsa ta canza. Duk dabbar da ta daki bushiya ƙaya ce za ta kashe ta, kuma in Damisar nan ta mutu wasa ya ƙare. Daidai lokacin mai shagon ya juya yana tsawata wa masu turereniya, Kyaftin ma ya waiga.

Ɗan yatsan Dogo ya taɓa tebur sau biyu. Leɓensa na rawa.

Kawu ya ɗaga kai ya kalli silin. Akwai tsagewa a jikin fenti kusa da fanka, ya bi ta da ido har ƙarshenta. Da ya sauko da kai, Damisa ta koma wurinta. Daɗi ya kama shi har ya ji idonsa na son kawo ruwa, don a ganinsa yaron ya kira shi Kawu ke nan, ko da baki bai furta ba.

Wannan daɗin ne ya kashe shi. Bayan 'yan zagaye, dole ta sa Dogo ya cika teburin, Tudu da Ambaliya kuma duk suna hannun Kawu. Wasa ya zama nasa. Amma hankalinsa na can shagon aski, yana tunanin kujerar da zai goge gobe da yamma. Ya zaro kati ya ajiye, ya ɗauke hannu, sannan ya duba. Ambaliya ce. Tudu na nan a hannunsa.

Bai ko tsorata ba. Ya yi murmushi, ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, ya miƙa hannu ya ɗauki katinsa.

Dogo bai kalli silin ba. Ya ɗaga hannu sama.

"Alƙali! Ya saki kati, ya sake ɗauka."

Wurin ya ɓarke da hayaniya. "Ashe maguɗi ne!" in ji Kyaftin. "Na faɗa muku! Haka ya yi mana duka, ashe sata yake da furfurarsa." Waɗanda Kawu ya kayar da hannu mai tsabta duk suka tuna cewa su ma sun ga wani abu-abu. Mai shagon ya matso, ya sa aka yi shiru.

"Baba, ka ɗauke hannu kafin ka janye?"

"Na ɗauke."

"Wannan ƙwanƙwasar fa, alama ce tsakaninku? Gaya mini gaskiya. In an taɓa janye kati a wasan nan aka rufe, ku biyun zan kora, kuma ba mai sake shiga gasata."

Kawu ya dubi Dogo. Dogo na duban katunansa, leɓen nan na rawa, irin rawar da yake yi tun yana zama a kan matashi don ya kai tsawon tebur.

"Ba a taɓa ba," in ji Kawu. "Tsufa ne. Hannuna ne ke rawa."

Aka mayar da Ambaliya inda ta faɗi. Ruwa ya share damisoshi, ya share kunkuru da bushiya da dodon koɗi. Dogo na da sauran kati ɗaya a hannu, ya ajiye, ya gama da Kawu. Aka ɗaga Dogo sama. Kawu ya tattara katunansa a gwangwanin hoda, wani ya bi shi har bakin matakala yana ƙwanƙwasa bango sau biyu, ana dariya.

Da ya koma gida, matarsa ta karɓi rigar ta rataye.

Washegari da yamma yana share gashi sai ga Dogo a bakin ƙofa. Ya shigo yana sosa ƙeya, ya tsaya gaban teburin ƙarƙashin madubi, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu.

Kawu, bawan Allah, ko gardama bai yi da zuciyarsa ba. Ya jingine tsintsiya, ya ɗaga kai ya kalli silin, ya daɗe yana kallo don yaron ya sami sararin janye duk abin da yake son janyewa. Sannan ya jawo kujera ta biyu ya goge ta da hannun rigarsa, ya buɗe gwangwani ya fara cakuɗa kati.

"Zauna. Kai za ka fara."

"A'a Kawu, ba zama zan yi ba, suna jirana a mota." Dogo ya waiga titi. "Kyaftin ne ya ce damin nan ba laifi. Akwai babbar gasa ƙarshen wata, ni zan shiga da shi. Kai ai ka ga sunanka ya riga ya ɓaci a can, ba mai yarda ya zauna da kai. Sai dai kada ka ce wa kowa naka ne, na riga na gaya musu ni na haɗa maka."

A waje aka danna ham. Kawu ya daidaita katunan a tafin hannunsa, ya miƙa masa. Dogo ya ciro sabon akwati mai sheƙi daga aljihu ya zuba su, ya ajiye gwangwanin hodar a kan kujerar da aka goge masa.

Har ya kai ƙofa Kawu ya kira shi.

"Dogo. Tudu tukuna, sannan Ambaliya."

"Na sani," in ji Dogo, ya fita.