Irin Doyar Baba Sabiou

"Wa ya buɗe rumfar bayan gida?" Hadjo ta tambaya, ko tulun ruwan da ta kawo gidan makokin ba ta sauke ba.

Bilkissou, surukar mamacin da ta zo daga unguwar Albarika a birnin Parakou, tana zaune tana feraye doya. "Mu ne, Inna. Jama'a ta yi yawa, vraiment. Muka ce a fara da ƙananan da ke rumfar, manyan da ke ɗaka a bar wa addu'ar uku."

Hadjo ta ajiye tulun a hankali. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninta da marigayi Baba Sabiou a Kolokondé, ta san abin da ke cikin rumfar nan. Ba doyar ci ba ce, iri ne. Wata tsohuwar doya ce da ya gada wurin mahaifinsa, gajera, baƙa, ba ta da farin jini a kasuwar Djougou, shi ya sa kowa ya watsar da ita. Hadjo ma ta sha tsokanarsa cewa ko ɓera sai ya raina ta. Amma bara waccan, da ruwa ya ɗauke wata guda a tsakiyar damina, gonarsa kaɗai ta tsira, rabin unguwa a gidansa suka ci.

Ranar da za a kai shi lopital, wato asibiti, a Parakou, sai da ya sa aka tsayar da mota a ƙofarta. "Hadjo, kunyoyi sun yi," ya ce. "In na dawo zan ɗibar miki. Bai kamata irin nan ya zauna a hannun mutum ɗaya ba." Jiya aka dawo da gawarsa.

Tukunya biyu na tafasa, ana ta kirɓa sakwara. Takaici ya kama Hadjo, amma wa za ta yi wa faɗa? Yarinyar nan idonta jajur, tun asuba ba ta huta ba.

"Saura nawa, 'yata?"

"Ta ƙarshe ce wannan. Lafiya, Inna?"

Hadjo ta gaya mata. Bilkissou ta saki wuƙar. "Innalillahi! Wallahi ban sani ba."

"Ina kuka zuba ɓawon?"

"Bayan katanga, saboda awaki."

Hadjo ta manta da ciwon gwiwa. Ta kore awakin, ta durƙusa tana tonon juji. Matan birni ba su san tattalin doya ba, da kauri suke yanke kanta su yar, yau kuwa ta gode wa Allah da wannan ɓarnar. Kan doya tara awaki suka rage, kan kuwa ana shuka shi.

"Zai fito?" Bilkissou ta tambaya, ta durƙusa gefenta.

"Ɗebo mini toka. Sauran na Allah ne."

Suka shafe su da toka, suka jera a faifai a inuwar mangwaro. Daga zaure, wani cikin masu gaisuwa yana tambaya ko akwai ƙari, wai bai taɓa cin sakwara mai daɗin wannan ba.