Baƙon Gwaggo

Ba a ruwa, rana ma ba ta yi wani zafin a zo a gani ba, amma mutumin yana tsaye a bakin kejin Gwaggo da lema a buɗe. Injiniya ya kashe tiyon da yake wanke daɓen kejin damisa da shi, ya tsaya yana kallonsa ta tsakanin waya. Ba yau ya fara ganinsa ba. Sauran masu ziyara da yara suke zuwa, su yi nuni, su ɗauki hoto, su yi gaba. Shi wannan ba yaro, ba hoto, kuma kullum lemarsa a karkace take ta ɓangaren da kyamara take kallo.

Kyamarar kuwa Injiniya ne ya kafa ta da hannunsa. Litinin zuwa Juma'a yana wani kamfani, cikin ɗaki mai sanyi marar taga, yana tsare kwamfutoci daga masu kutse. Aikin ya shiga jininsa har ya yi yawa. Ko ƙanwarsa ce ta turo masa hoton 'ya'yanta, sai ya kira ta ya tabbatar ita ce kafin ya buɗe. Abokan aikinsa sukan ce in ka yi masa sallama sai ya nemi kalmar sirri kafin ya amsa. Asabar da Lahadi kuma yakan sa takalmin roba, ya zo wannan gida da ake ajiye zakuna da damisoshin da aka ƙwato daga hannun mutane, ya kwashe kashi, ya yanka nama, ba mai biyansa. Gyaran kwamfutar ofis ne ya fara kawo shi. Ya leƙa ta taga ya hango Gwaggo, shi ke nan bai sake samun hutun ƙarshen mako ba.

Gwaggo tsohuwar zakanya ce. Ma'aikata suka sa mata sunan saboda irin kallon da take yi wa mutum, kamar ya zo gaishe ta hannu rabbana. Daga gidan wani mai kuɗi aka kawo ta, wanda ya sa aka cire mata farata tun tana 'yar ƙarama, shi ya sa take tafiya tana ɗosa ƙafa kamar mai taka ƙaya. Injiniya bai taɓa ganin mai kuɗin nan ba, amma ya tsane shi, kuma duk sanda ya ga Gwaggo ta tashi da ƙyar sai tsanar ta dawo sabuwa.

Tun bara Likita, wadda ita ce shugabar gidan, ta ɗora masa aikin koya wa Gwaggo jingina cinyarta da wayar keji, don in ta kama a iya yi mata allura ba sai an harbe ta da maganin barci ba. Yakan tsugunna da nama a kan dogon tsinken ƙarfe, ya yi ta lallashi har gwiwoyinsa su ƙage. Damisa ta koya cikin 'yan makonni. Gwaggo kuwa sai ta karɓi naman, ta juya masa baya, ta koma inuwa.

Mai lemar ya ɗan sunkuya a jikin ƙarfen da ke raba masu ziyara da keji, ya yi wani ɗan sauti da harshe, ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta ɗaga kai. Ta tashi, ta ɗingiso har bakin waya, ta goga kumatunta, sannan ta zube ta manna dukan gefen jikinta da wayar, cinya da komai. Abin da Injiniya ya yi shekara yana roƙo ke nan. Bai tsaya tantance ko tsoro ne ya kama shi ko kishi ba, ya yanke cewa tsoro ne.

Da mutumin ya tafi, ya bi wurin da ya tsaya ya duba ƙasa, ya shinshina ƙarfen da ya dafa, ya tona ciyawar bakin waya da sanda. Bai samu komai ba, kuma rashin samun ya ƙara masa zargi. Ya wuce ofis ya tarar da Likita tana jera kwalaben magani a firiji.

"Likita, akwai wani mutum da yake zuwa wajen Gwaggo. Ban yarda da shi ba."

"Kai da wa ka taɓa yarda?" ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ni kaina sai da na yi wata ina gaishe ka kafin ka daina kallon hannuna."

"Yana ɓoye fuskarsa daga kyamara. Kuma tana tasowa wajensa. Ko dai yana ba ta wani abu, ko yana sabawa da ita ne don wata manufa. Kin san akwai masu sayen ƙashin zaki."

Likita ta rufe firijin, ta dube shi. "Tana tasowa?"

"Har ta kwanta a jikin waya."

"To, ka kawo mini abin da zan riƙe. Ba zan kori mutum don ya riƙe lema ba."

Abin da yake jira ke nan. Ranar Litinin, lokacin da abokan aikinsa suka fita cin abincin rana, ya zauna ya bi hotunan kyamarorin gidan ɗaya bayan ɗaya. A bakin keji lema ce kawai take gani. Amma ƙofar shiga ƙunci gare ta, dole mutum ya naɗe lemarsa kafin ya wuce, kuma a nan ya samu fuskar: dattijo ne ramamme, mai furfura a gira. Ya jefa fuskar cikin intanet ya yi ta tankaɗe. Kafin sauran su dawo, ga wani tsohon hoto ya fito. Mutumin ne, lokacin yana da ƙiba da sheƙi, zaune a wani ƙaton falo, da 'yar zakanya a cinyarsa an sa mata sarƙa a wuya. Kunnenta na hagu yana da 'yar tsagar da Injiniya ya sani kamar tafin hannunsa.

Dokar gidan a fili take, wanda aka ƙwace dabba daga hannunsa ba ya shiga. Likita ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce a sanar da mai gadi. Asabar ɗin da ta biyo baya Injiniya ya ajiye shebur ya je ya tsaya kusa da ƙofa don ya gani da idonsa. Mai gadi ya yi wa dattijon bayani. Bai yi gardama ba, bai ma tambayi dalili ba, ya gyaɗa kai ya juya. Injiniya ya ji daɗi sosai, har da ɗan fito yake yi yana yanka nama.

Gwaggo ta yini a kusurwar da mutumin yake tsayawa. Washegari ma haka. Cikin mako aka kira Injiniya a waya aka ce ta daina cin abinci, da ya zo ya tarar ƙafarta ta gaba ta kumbura suntum, tana tsiyayar da ruwa daga tsohon gurbin farce.

"Ciwon ya daɗe yana ci ta ciki," in ji Likita. "Na sa magani a nama, ba ta ci. Allura take buƙata kullum, na kusan mako. In na harbe ta da na barci, a shekarunta da irin zuciyarta, ban ce za ta farka ba. In na bar ta, ƙafar za ta kashe ta."

Ya ɗauki hutu a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Tun safe yake tsugunne a bakin waya da hanta a kan tsinke. Ya kira ta, ya lallasa, ya yi shiru, ya sake kira. Da ya tabbatar ba mai jinsa, har sautin nan na harshe ya gwada kwaikwayo. Gwaggo ta motsa kunne ɗaya, ta buɗe ido ta ga ko wane ne, ta mayar ta rufe.

Da la'asar Likita ta zo ta tsaya a kansa. "Jibi zan harba. Ba zan wuce haka ba."

"An hana shi shiga," Injiniya ya ce, yana kallon ƙasa.

"Ni ban ambaci kowa ba."

"Shi ne ya yi mata wannan. Duk abin nan da take ciki, shi ne."

"Shi ne," ta ce. "Amma wanda ma'aikaci ya shigo da shi ta ƙofar baya, yana wuyan ma'aikacin. Ni ban ga fuskarsa ba, sirinji nake kallo."

Neman gidan dattijon bai ba shi wahala ba, don tun ranar da ya samu hoton ya tono komai a kan mutumin, har da yadda kasuwancinsa ya karye. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon faci, matakalarsa tana warin taya. Dattijon ya buɗe ƙofa, ya dube shi sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan takalminsa na roba.

"Kai ne mai tiyo," ya ce. "Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba." Injiniya ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙare wa ɗakin kallo: katifa, kujera ɗaya, rediyo. "Me kake nema a wajenta, Malam? Gaskiya nake so."

"Ba abin da nake nema."

"To me ya kawo ɓoye fuska?"

"Don na san in an gane ni za a kore ni. An kuwa kore ni."

Amsar ta yi daidai da yawa, kuma Injiniya ba ya son amsar da ta yi daidai da yawa. Ya ce, "Na karanta abin da ka gaya wa alƙali. Wai ta yagi 'yarka, shi ya sa ka sa aka cire mata farata."

Dattijon ya shafa girarsa. "Haka na gaya masa. Kujerun falo ta yaga. Sababbi ne a lokacin."

Injiniya ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya zo da shirin kama ƙarya, ga shi an miƙo masa gaskiyar da ta fi ƙaryar muni, kuma bai san inda zai ajiye ta ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice, ba roƙo a ciki. Dattijon ya sunkuya yana laluben takalminsa a ƙarƙashin kujera.

Da safe ya shigo da shi ta ƙofar da ake shigo da nama. Kafin su ƙarasa ya sa shi ya juye aljihunansa, ya buɗe tafukan hannunsa, dattijon ya yi duk ba musu. Likita tana tsugunne a gefen keji da sirinji a shirye. Gwaggo tana can ƙarshe, kwance, haƙarƙarinta a waje.

Dattijon ya durƙusa da ƙyar, ya yi sautin nan. Da farko ba abin da ya faru, har Injiniya ya kama kansa yana fatan kada ta taso, ya kuwa ji kunyar kansa. Sai ga shi ta ɗaga kai. Ta miƙe da ƙafa uku, ta ja jiki, ta huta, ta sake ja, har ta iso. Ta wuce ta gaban Injiniya da tsinken namansa, ta zube a gaban mutumin, ta manna jikinta da waya. Yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Likita ta soka allurar ta zare, Gwaggo ko gezau. Shi kuwa Injiniya idonsa na kan hannuwan dattijon tun daga farko har ƙarshe, bai ga sun yi komai ba.

"Ba shi tsinken," Likita ta ce a hankali.

Ya miƙa. Gwaggo ta karɓi hantar daga hannun dattijon ta haɗiye, ta karɓi ta biyu.

Injiniya ya raka shi ƙofar baya, yana tafe a bayansa ba a gefensa ba. Har yanzu bai yarda da shi ba, kuma ya san ba zai taɓa yarda ba. Ya zare sakata, ya tsaya riƙe da ƙofar.

"Gobe ma in zo?" dattijon ya tambaya.

"Ka zo. Kullum, har a gama." Sannan ya ƙara, "Ka zo da wuri. Ba ta son jira."

"Na sani," in ji dattijon.

Injiniya ya mayar da sakata, ya jijjiga ƙofar ya tabbatar ta kama. Ya koma ya ɗauki bokiti da shebur. Gwaggo tana nan kwance a jikin waya, fuskarta na kallon hanyar ƙofar baya, ya zagaya ta bayanta ya fara aiki daga kejin damisa.