Jan Ganyen Fa'iza

Bilki na durƙushe ƙarƙashin mangwaron da ke bayan masallacin unguwa, tana tsintar busassun ganye tana nuna wa 'yarta ɗaya bayan ɗaya. Fa'iza, mai shekara huɗu, ta tsaya rungume da kwali tana girgiza kai, kamar dillalin goro da aka kawo wa ruɓaɓɓe.

"Ba shi ba ne, Inna. Na Anti ja ne."

Tun azahar suke yawo. Sun duba dogon yaro, sun duba tsamiya, sun leƙa har lambun bakin fadama. Ganyen garin Gummi kaf ya haɗa baki: ko ya zauna kore a sama, ko ya faɗo ƙasa launin ƙasa. Babu wanda ya ji labarin cewa makarantar renon yara ta ba da umarni ya yi ja.

Asalin abin, shugabar makarantar ce ta je taron bita a Gusau, ta dawo da jaka mai tambari da kuma sabon ilimi: ashe yaro ba ya koyo sai iyaye sun tallafa daga gida. Tun daga lokacin Bilki take tallafawa. Ta manna wake a takarda, ta ƙera mota da gwangwanin madara. Sau ɗaya kawai ta gaza, ranar da aikin turara shinkafa ya yi mata yawa, don da shi take rufa wa kanta asiri. A ranar Anti Khairat, malamar ajin, ta sa aka tafa wa yaran da iyayensu suka damu da su, ita kuwa Fa'iza ta tsaya gefen allo tana kallo. Ta dawo gida da jiƙaƙƙen wando, ta kwana biyu ba ta yarda a sa mata kayan makaranta sai da kuka da birgima.

Mijin Bilki, Makau, yana can ramin zinariya a wajen Anka. Da labari ya kai masa ta waya, ya yanke hukunci a taƙaice: in yarinyar ta ƙara kuka kan makaranta, a cire ta, allo ya ishe ta har ta isa firamare. Bilki ta ce to. Ita a aji huɗu aka cire ta, shi ma da irin wannan gajeren hukunci, kuma har yau in an miƙo mata takarda sai ta nemi mai karanta mata.

Shi ya sa da safen nan ta bi Fa'iza har aji don ta ji aikin da kunnenta. Anti Khairat ta bayyana mata cewa makon kaka ake ciki, gobe kuma baƙi za su zo daga wata ƙungiya mai taimakon makarantu. Kowane yaro zai zana bishiya a kwali, shi da mahaifiyarsa su manna mata ganyen kaka. Ta buɗe waya ta nuna mata hoto: itatuwa jajur kamar an cinna musu wuta, wani ɗan Bature cikin rigar sanyi yana tsalle a tulin ganye.

Bilki ta ce ita dai kakar da ta sani ta girbin gero da shinkafa ce. Anti ta yi mata murmushin da ake yi wa mara lafiya.

"Wannan ai noma ne, Maman Fa'iza. Mu kakar manhaja muke koyarwa."

Da suka koma gida hannu banza, sun tarar da Gwaggo, uwar Makau, tana shanya zanenta na fita biki. Tun jiya da jikarta ta sanar cewa akwai ranar kaka a makaranta, tsohuwar ta ɗauka ita ake nufi, ta ce ai gara da 'yan boko suka fara hankali. Bilki ta lallaɓa ta gaya mata cewa ba kakar mutum ba ce, kakar shekara ce. Gwaggo ta ce wannan ma gidanta aka zo, za ta riƙa musu zangarniyar gero da gyaɗa mai ɓawo, kuma tun da ta riga ta wanke zane babu mai hana ta zuwa. Da ta ji batun jan ganye sai ta saki baki.

"Mu dai tun da munka tashi, in ganye ya yi ja, ciwo ya kama icce. Mi za su yi da shi, miya?"

Fa'iza ta soma taɓe baki, idonta ya kawo ruwa. Bilki ta san wannan taɓewar, ta san inda take ƙarewa. Ta dubi rabin duron da ta bari a kan murhu, cike da shinkafar wata mai sayar da abinci a tasha, ta dubi kwalin da ke hannun yarinyar. Ta yafa hijabi ta nufi kasuwa wurin masu galura, ta sayo ƙullin ja da ƙullin rawaya.

Da la'asar tsakar gida ya koma marina. Ta dafa busassun ganyen mangwaro a tsohuwar tukunyar miya, wasu a ja, wasu a rawaya, wasu ta tsoma su nan ta tsoma su can. Fa'iza ce mai tsamowa da tsinke tana jerawa a faifai, tana ƙirgawa da Turanci har inda ƙirgarta ta tsaya, sannan ta sake daga farko. Ita ta zaɓi inda kowane ganye zai zauna a kwali, uwar tana shafa musu kokon rogo. Suka yi ta gardama kan wani ganye da yarinyar ta nace sai an manna shi a ƙasa, wai shi ya riga ya faɗo. Rabon da Bilki ta ji 'yarta ta yi surutu haka har ta manta.

Warin ƙauri ne ya tuna mata da duro. Ruwan ya ƙone, shinkafar ƙasa ta kama, ta sama ta fashe ta yi laushi. Gwaggo ta leƙa, ta ce ba laifi, an ƙona abin ci an dafa abin kallo, ilimi ke nan. Bilki ta kwashe abin da zai kwasu ta baza a tabarma, tana shirya kalmomin da za ta tari mai shinkafar da su.

Washegari suka tafi su uku, Fa'iza a gaba da kwalinta, ba kuka ba birgima. Bilki ta cusa hannuwanta cikin hijabi, don galurar ta ƙi sabulu, ta ƙi toka.

Ajin ya cika da iyaye mata, kowace da tallafinta. Matar wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ta yanka jar takarda da almakashi. Wata ta tsige ganyen furen roba na ɗakinta. Gwaggo ta miƙa gero da gyaɗarta, Anti Khairat ta karɓa da 'yan yatsu biyu, ta yi godiya, ta ajiye bayan ƙofa kusa da tsintsiya, don kada su ɓata hoto.

Baƙin suka iso cikin farar mota, maza biyu da mace ɗaya, duk da riguna masu aljihu da yawa. Sun sha hanya, sun ratso gonakin da ake ta yankan shinkafa dama da hagu, don su zo su ga kaka a jikin bango. Suka bi kwalayen suna gyaɗa kai, har suka zo kan na Fa'iza suka tsaya. Ganye ne na gaske, da jijiyoyinsa, ja da rawaya, sak na cikin waya. Baƙuwar ta durƙusa ta tambayi yarinyar me ke faruwa da kaka.

"Ganye ya yi ja, ya faɗo ƙasa," in ji Fa'iza da ƙarfi, yadda aka biya musu duk mako.

Aka tafa. Baƙuwar ta ƙara tambaya, a wace bishiya ta samo waɗannan kyawawan ganye?

"A tukunyar Inna."

Bilki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Anti Khairat ta sunkuyar da kai tana gyara alli. Amma shugabar makaranta ba a banza ta je Gusau ba. Ta matso, ta kamo hannun Bilki daga cikin hijabi, ta ɗaga shi sama jajur kamar na mahauci, ta ce wa baƙi wannan shi ne tallafin gida da suke ta wa'azi a kai: uwa da 'ya, da kayan da ke kusa da su. Baƙin suka yi ta ɗaukar hoton hannun. Ɗaya daga cikin mazan ya ce za su kai wannan dabara makarantun Bukkuyum.

"Allah sarki Bukkuyum," in ji Gwaggo daga bayan aji, tana ɓare gyaɗarta da ta je ta ɗauko. "Ga ɓarayin daji, ga wanga kuma."

Anti ta manna wa Fa'iza tauraro a goshi, ta sa yara suka tafa mata sau uku. Yarinyar ba ta dubi Anti ba, uwarta ta duba.

Bayan motar ta tashi, shugabar ta ja Bilki gefe. Ta ce ta ga uwa mai kishin ilimi, don haka ta naɗa ta jagorar iyaye kan ayyukan gida. Ba albashi, amma akwai lada. Aikin farko kuma yana nan tafe a zango mai zuwa, domin bayan kaka manhaja ta ce sai makon dusar ƙanƙara, kuma baƙin sun yi alkawarin dawowa.

Bilki ta dubi jajayen hannuwanta. A garin nan ko ruwan sanyi sai gidan mai sola. Ga mai shinkafa tana jiran ta a tasha da bakin da kowa ya sani. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ta hango Fa'iza a tsakar makaranta, yara sun kewaye ta, tana hana su taɓa goshinta.

"To, Hajiya," ta ce. "Sai dai a nuna mini hoton dusar ƙanƙarar da wuri."