Yunwar Sophia

Likitar ta ajiye sakamakon gwajin, ta dubi Adaku da ke zaune a ƙasa tana lasar ledar biskit. Yarinyar ko firamare ba ta shiga ba, amma sai da nas ta sake ɗora ta a kan sikeli don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

"Ba kwaɗayi ba ne," in ji likitar. "Kitsen jiki yana sakin wani sinadari, leptin, ya bi jini ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya wadata. A can kuma akwai wasu sinadaran da ke miƙa saƙon gaba har mutum ya ji ya ƙoshi. Nata a hanya yake tsayawa. Ko tukunya guda ta cinye, yunwa take ji ta gaske. Sau da yawa gadonsa ake yi. Akwai mai irin wannan a danginku?"

Malama Suzana, kakar yarinyar, ta buɗe baki za ta ce babu. 'Yarta Sophia, uwar Adaku, ta gyara zama a kujerar da ta yi mata kaɗan.

"Ni ce," ta ce.

Suzana ta sunkuyar da kai. Shekarunta na koyarwa a Tudun Wada, kowa ya san ta da horo. Da Sophia tana ƙarama, kulle kicin take yi ta ɗaure makullin a bakin zani. Ranar wani bikin godiya ta kama ta a bayan coci tana kankare ƙanzon shinkafa, ta zane ta a gaban matan zumunta. Ita ta fara kiranta Rumbu. Sunan ya bi yarinyar har sakandare, inda ta daina zuwa aji.

Likitar ta yi bayanin tsarin abinci, ta ce a riƙa kawo Adaku, kada kuma a yi mata gori. Suzana tana gyaɗa kai, rabi kawai take ji.

A Keke Napep Sophia ta cika kujerar baya, Adaku a cinyarta, Suzana a takure a gefe. Da suka wuce unguwar Kongo, Suzana ta dube ta.

"Sophia," Suzana ta ce a hankali, "ban sani ba. A lokacin ba wanda ya san wannan abin."

Sophia ba ta juyo ba. Babu fushi a muryarta.

"Ni na sani, Mama. Kullum ina ce miki yunwa nake ji."

A bakin layinsu mai Keken ya tsaya. Suzana ta sauka, ta miƙa hannu za ta karɓi jikarta kamar yadda ta saba duk ranar aiki.

"Bar ta," in ji Sophia. "Da ita zan tafi shagona."

Suzana ta tsaya a gefen kwalta har Keken ya sha kwana.