Humrar da Sabulu Bai Fitar Ba

Shekarata ashirin da ɗaya lokacin da na dawo Gaya daga Yamai, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai, da takardar shaida a jaka da aikin wayar da kan mata a hannu. Ina yawo ƙauyukan Tanda da Yelu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ina gaya wa mata su tafasa ruwan sha, su rufe abinci, su daina ce mini haka muka tarar. Ba maganar da na tsana kamar wannan. Kuma ba inda na fi jin ta kamar cikin gidanmu.

Uwata, Inna Ajuma, ita ce mai humrar Gaya. Mata na ƙetaro gada daga Malanbil, wasu su taso tun daga Kamba, don ɗan abin da za ta zuba musu a kwalba. Ni ce ƴar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Zeinabu nake a lakwal, wato makarantar boko, Zeinabu nake a bakin kumandan mai mulkin Gaya, amma a gidanmu sunana "ke", in ba na nan kuma "waccan". Wai kunya ce. Wace irin kunya ce ke hana uwa kiran abin da ta haifa? Madina kuwa, ɗiyar ƙanen Inna da aka kawo riƙo daga Tanda tun tana shekara biyar, sunanta ba ya sauka daga bakin Inna daga safe har yamma. Madina miƙo turmi. Madina shinshina nan. Madina zo ki ji.

Madina ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Amma in mace ta wuce a titi, sai ta ce maka kanumfarin jikinta ya yi yawa.

A ƙuryar ɗakin Inna akwai wani baƙin tulu da ta gada wajen kakarta. Ana ce masa uwa. Duk sabuwar humrar da aka haɗa, sai an ɗebo ludayi ɗaya daga cikinsa an zuba mata, in ta nuna kuma a mayar masa da ludayi ɗaya. Bai taɓa ƙafewa ba. Wadda aka ba tulun, ita aka ba sana'ar da sunan gidan, kuma mutum ɗaya ake ba.

A daminar shekarar nan Inna ta yi wata mura mai tsanani. Murar ta tafi, ta tafi da hancinta. Ta ɓoye har wata biyu, sai ranar da sandal ya ƙone ƙurmus a kasko tana zaune a gabansa ba ta ji ba. Da yamma ta sa aka kira aminiyarta, Iya Indo, tsohuwar da ke yi wa amaren gari turare, ta zaunar da mu biyu a tabarma.

"Tulun nan yana son hanci," in ji Inna, tana duban Iya Indo. "Kowace ta haɗa tata. Kwana arba'in. Wadda tata ta tsaya, ita ke da shi."

"Inna, me ya kawo gwaji?" na ce. "Ni ce ɗiyarki."

Ba ta dube ni ba. "Indo, gaya wa waccan tulu bai san ɗiya ba."

Madina ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Taubashiyata ce, al'ada ta ba ta damar tsokanata, kuma ba ta wasa da wannan dama.

"Yaya, ko za ki rubuta wa tulun wasiƙa da Faransanci?"

"Ke ki karanta masa," na ce.

Na ɗauki abin da gaske. Na ari ƙaramin sikeli a wajen likita, na sayi sabon kaye na rubutu, na ja layi. Shekara nawa ake wannan aiki da "ɗan kaɗan" da "har sai ya yi"? In Inna ta mutu yau, me ya rage? Ni na yi niyyar in auna komai da gram, in rubuta, yadda kowace mace a Yelu za ta iya haɗawa ba sai ta durƙusa wa wata tsohuwa shekara goma ba. Har yau ban ga laifin wannan niyya ba.

Na je bakin kogi da kaina na tono saiwar jema, na wanke, na shanya a inuwa. Na tsinko furen lalle da sassafe kafin rana ta sha ƙamshinsa, na jiƙa a mai, kullum ina tace tsohon fure ina sa sabo. Na daka kajiji, na goga sandal, na ƙara ɓawon lemu. Abu ɗaya na ƙi taɓawa, shi ne farce.

Farce wani ɓawo ne na dodon koɗin teku, fatake ke kawo shi, kamanninsa kamar farcen mutum. Ɗanyensa wari yake kamar ruɓaɓɓen kifi. Kwana uku Madina ta yi zaune a bayan ɗaki da ƙwarya a gabanta, tana jiƙa shi tana kankare naman jikinsa da wuƙa, ƙudaje na binta. Daga nan ta soya shi a cikin yashi mai zafi har ya yi ja, ta daka.

"Wannan ƙazantar za ki sa mutane su shafa a jiki?" na tambaye ta, na toshe hanci.

"Haka Gwaggo ke yi."

"Don me take yi?"

"Haka ta tarar."

Na ji kamar in kife mata ƙwaryar a kai. Na tambayi dalili, an ba ni tarihi. Da a ce ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki ta gaya mini aikin da farce ke yi, da na sa shi. Ba wadda ta gaya mini, ni kuma girman kai ya hana in sake tambaya. Na rubuta a kayena: farce, ba shi da amfani.

Muka zuba kowace a kwalbarta, Inna ta ɗiba mana ludayi ɗaya-ɗaya daga uwa, muka toshe da tsumma, muka binne a gindin lemu.

Ranar da arba'in ta cika muka tono. Da na buɗe tawa, tsakar gida ta cika. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan darni tana tambayar wa ke aure. Ƙamshi ne mai haske, kamar ka shiga lambu bayan ruwan sama. Ta Madina kuwa nauyi gare ta, sai ka kai hanci kusa kafin ta yi maka magana. Na ga Iya Indo ta lumshe ido a kan tawa, zuciyata ta yi fari.

"To, an gani ai," na ce.

"An ga me?" in ji Iya Indo. "Ke ƴar lakwal, a kwalba ake gwajin humra? Kawo ƙyallen, Ajuma."

Inna ta yaga farin ƙyalle gida biyu, Iya Indo ta juya baya don kada ta san wane na wa. Aka shafa wa ɗaya tawa aka ɗaura masa jan zare a gefe, aka shafa wa ɗayan ta Madina aka ɗaura baƙi. Aka ninke su, kowane a faifansa, suka kwana uku. Ashe a gidanmu ba a yanke wa humra hukunci sai an wanke ta a kogi. Mace na shafa turare ranar biki, amma abin da ake so shi ne ranar da ta ciro zanen daga adaka bayan wanki, ta ji shi yana nan. Na girma a gidan, amma shekarun da ake koyon wannan ina Doso a kan bencin lakwal.

"Babba ke wanki," in ji Inna. Ta turo faya-fayan wajena da ƙafa.

Na sauka bakin kogin Isa da hantsi. Masu wanki sun cika tudu, jirage na sauke shinkafa. Na nemi dutse can gefe. Na wanke nawa da tausayi, sau ɗaya, na ɗauraye, na shanya a kan ciyawa. Na Madina kuwa na goga masa sabulu har kumfa ta rufe hannuna. Na buga shi a dutse. Na ɗauraye, na sake gogawa. Sau huɗu. Wata mata ta ce, "Ɗiyar Ajuma, me ƙyallen nan ya yi miki?" Na ci gaba da murzarsa.

Da suka bushe na ɗauki nawa na kai hanci. Sabulu da rana. Na juya shi, na shinshina tsakiya, na shinshina gefe. Furen lallena, da jemata, da kwana arba'in ɗina, duk sun bi ruwa sun nufi Nijeriya.

Na ɗauki na Madina. Tun kafin ya iso fuskata na sani. Wankin ya cire masa nauyin nan, ya bar wani abu mai ɗumi, mai zaƙi, sandal a sama, farcen nan da na raina a ƙasa yana riƙe da shi kamar hannu. Ƙamshin zanen Inna ne, wanda nake cusa fuska a ciki ina ƙarama in ba ta ɗakin. Yarinyar da ba ta iya rubuta sunanta ba ta haɗa uwata a kwalba, ni da na fito daga cikinta na kasa.

Sannan na kwance zaren biyu, na ɗaura ja a nata, baƙi a nawa.

A gida na tarar da su a inuwar lemu. Iya Indo ta karɓi mai baƙin zare, ta shinshina, ta ajiye. Ta ɗauki mai jan zare. Ta ja numfashi sau biyu, ta girgiza kai.

"Ajuma, wannan hannunki ne sak. Jan na wa?"

Inna ta nuna ni da haɓa. "Na waccan ne."

"Ikon Allah. Ashe lakwal ba ta kashe hanci."

Ta miƙa wa Madina ƙyallen don ta ji. Madina ta kai shi hanci. Na ga fuskarta. Ta gane shi kamar yadda mutum ke gane muryar ɗansa a kasuwa. Ta dube ni sau ɗaya, ta dubi ƙasa. Na jira ta yi tsalle, ta yi ihu, ta kira ni ɓarauniya. Na ma shirya amsa.

Ta ninke ƙyallen da kyau, ta ɗora a faifai.

"Allah ya sa albarka, Yaya," ta ce. Ta tashi za ta ɗauko tsintsiya.

Tsintsiya! An kwashe mata shekara goma sha biyar na hayaƙi da warin farce a gaban idonta, ita shara za ta yi. Irin shirun nan ne nake yaƙi da shi a Tanda da Yelu, shirun matar da aka tauye wa mudu a kasuwa ta ce ba komai, shirun wadda ɗanta ya mutu da ruwan tabki ta ce kwana ne ya ƙare. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ke Madina, ba ki da baki ne?"

Ta tsaya.

"Naki ne! Kin san naki ne, kin ji da hancinki! An sauya miki zare a bakin kogi, kina tsaye kina ce mini Allah ya sa albarka? Sau huɗu na wanke shi, har da duka a dutse! In aka ƙwace miki abu ki buɗe baki ki ce an ƙwace! Har yaushe za ku zauna haka?"

Sai da na gama na ji abin da na faɗa. Dariya ta kama Iya Indo har ta riƙe ciki.

"Yau na ga ɓarawon da ya kai kansa gaban alƙali, yana zagin mai kaya don bai yi kuwwa ba!"

"Da me zan ce, Yaya?" in ji Madina a hankali. "In ce ɗiyar Gwaggo ta yi sata, a gaban Gwaggo? A gidan da na ci na sha?"

"E! Haka za ki ce!"

"To na ce. Ɓarauniya." Hawaye ne a idonta, amma bakinta na rawa da dariya. "Ɓarauniya mai kaye."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki mai jan zaren, ta kai hancinta da ba ya jin komai, ta daɗe riƙe da shi.

"Sau huɗu?" ta tambayi Iya Indo.

"Haka ta ce."

"Ni nawa bai taɓa wuce uku ba." Ta ajiye shi. "Madina, shiga ki ɗauko abinki."

Na so ta zage ni. Na so ta tashi ta mare ni, ko a cikin fushi sunana ya suɓuce mata. Ba ta yi ba. Yabon da ban taɓa ji daga bakinta ba, ni da hannuna na wanke shi na kawo wa Madina.

Madina ta shiga ɗakin, ta ɗan jima, ta leƙo.

"Yaya, ya fi ƙarfina ni kaɗai."

Na shiga. Na kama gindin tulun, ta kama wuya. Yana da nauyi fiye da yadda na zata, yana da sanyi, ƙamshinsa na fitowa ta bakin tsumma yana dukan fuskata. Muka fito da shi tsakar gida, muna tafiya gefe-gefe zuwa ɗakinta. Taki goma sha biyu ne, na ƙirga. A kowane ɗaya na san in na saki hannu ba mai samun sa, ni da ita duka, kuma Madina ma ta sani, don idonta na kan yatsuna. Muka ajiye shi a ƙuryarta, ta sa masa gammo, ta gyara masa zama. Ni na fito na wanke hannu.