Ranar da Matan Bu Sumiyem Suka Ƙi Dariya

Shekara da shekaru Pak Darmadi yana tallan tarkace a gidan talabijin ɗinmu na Jakarta. Masu gadi da masu jego da duk wanda barci ya ƙaurace wa sun san fuskarsa: yau tukunyar da ba ta kamu, gobe ɗamarar rage tumbi, kullum "kira yanzu, kafin su ƙare!" Ni ce mai kula da dandalin da ake ɗaukar shirin nasa. Sunana Tiwi, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na ɗaukar wargi. A nan Pak ake ce wa babban mutum, Ibu ko Bu ga babbar mace, irina kuma Mbak.

Ashe bawan Allahn nan tun yana saurayi ɗan barkwanci ya so ya zama. Ya yi ta naci har aka ba shi damar gwaji guda: shirin da zai riƙa kwaikwayon irin tallan nasa yana yi masa shaƙiyanci, a riƙa sa shi tsakar dare. Ibu Meilani, shugabar shirye-shirye, ta ce da kanta za ta zo ta zauna.

"In 'yan kallo sun yi dariya, na ba ka fili," in ji ta. "In ba su yi ba, Pak, ka koma wa tukwanenka, kuma kada ka sake tayar mini da maganar."

To, mu a nan 'yan kallo hayarsu ake yi. Akwai na shirin waƙa masu ihu, akwai na barkwanci waɗanda ko tari ka yi sai sun ƙyalƙyale. Na ce a kira waɗannan. Ya ce atafau.

"Matan Bu Sumiyem nake so. Da su na fara, da su zan haye."

"Haba Pak, matan da dattijuwar nan ke kawo wa shirin talla ne fa!"

"Na sani, Mbak Tiwi. Kuma kada ki gaya musu komai. Ba na son dariyar haya. Ina so in ji ta gaske, ko sau ɗaya ne, kafin in mutu."

Yadda ya faɗi maganar ya ba ni tausayi, sai na kira masa su ban gaya musu komai ba.

Ranar ɗauka, bayan azahar, Bu Sumiyem ta shigo da matanta a jere. Dattijuwa ce gajera mai faɗi, ta daɗe tana kawo mana 'yan kallo, kuma ko kallonta kaɗai ya isa ya zaunar da mace. Kowace ta sha hijabi mai kala, suka zauna suka ɗora hannu a cinya. Ibu Meilani ta hakimce a gefe.

Pak Darmadi ya fito da murmushinsa na talla, kansa ɗauke da hular kwano mai tukunya a sama.

"Uwar gida! Kin gaji da maigida ya maƙale a cunkoson motoci ya dawo yana huci da yunwa? Ga hular da ke dafa shinkafa da zafin kansa! In ransa ya ɓaci, har ƙanzo take yi!"

Masu kyamara suka toshe baki. Matan kuwa suka haɗa baki gaba ɗaya: "Waaah!" Suka tafa, suka mayar da hannu cinya.

Ya ɗan tsaya, ya dake, ya janyo kaya na biyu: wata 'yar fanka da aka ɗaura wa babbar fanka a wuya.

"Kullum fankarki tana yi miki fifita. Ke kin taɓa tambayarta ko tana jin zafi? Ina imaninki?"

"Waaah!"

"Amma tsaya, da saura! Duk wadda ta kira yanzu, za mu ƙara mata da ta uku, mai yi wa ƙaramar fifita!"

"Masha Allah!" Raf, raf, raf.

Sai a lokacin na tuna. A shirin talla dariya haramun ce. Mai kaya ya biya a yaba masa haja, saboda haka matar da ta kuskura ta dara ba a sake kiranta. Kuma wa ya kafa dokar? Shi dai wannan mai hular kwanon. Ranar da ɗamarar tumbi ta tsinke a ƙugunsa wata ta fashe da dariya, da kansa ya sa aka raka ta bakin ƙofa. Tun daga ranar matan Bu Sumiyem ko cakulkuli ka yi musu, ko gezau.

Na yi ta yi wa Bu Sumiyem alama daga bayan kyamara, ina wangale baki ina riƙe ciki. Ta dube ni ta gyaɗa kai, ta juya ta sa matan suka ƙara ƙarfin tafi. Kai jama'a! Ji na yi kamar in shaƙe ta.

Shi ko Pak Darmadi gumi ya karyo masa. Ya kawo lemar takalmi, ya kawo cokalin da ke yi wa mai ci faɗa in ya cika loma. Wallahi abin dariya ne, ni da ba na dariya a bakin aiki sai da na ciji leɓe. Amma duk abin da ya jefa, "waaah" ke dawo masa. Har na kasa kallon fuskarsa.

Da la'asar ta yi na ba da hutu. Matan suka miƙe a natse suka fita a jere. Ibu Meilani ta rataya jakarta.

"Ka yi ƙoƙari, Pak," ta ce. Kowa a gidan nan ya san ma'anar wannan ƙoƙarin. Ya sunkuyar da kai. Ta juyo wurina. "Mbak, nuna mini inda zan yi alwala kafin in shiga hanya."

Na yi gaba tana bi na, raina a jagule. Tun daga lungu muka fara jin wani irin kuka, har na ɗauka wata ce ta faɗi. Na banko ƙofar wurin alwalar mata.

Tirƙashi! Mata ne birjik, wasu a durƙushe, wasu sun rungume famfo, hawaye shaɓe-shaɓe. Wata ta kifa tukunyar roba a ka tana tafiya irin ta Pak Darmadi. Bu Sumiyem da kanta ta zame a jikin bango tana dukan cinya.

"Ina imaninki?" take cewa, numfashi na sarƙe mata. "Wayyo cikina! Fanka... ina imaninki!"

Suna hango Ibu Meilani wurin ya yi tsit. Bu Sumiyem ta miƙe da ƙyar tana gyara hijabi.

"Ibu, ki yi mana rai. Wallahi a gaban kyamara ko haƙori ba mu nuna ba, Mbak Tiwi shaida ce. Mun kusa mutuwa, amma mun riƙe. Don Allah kada a gaya wa Pak Darmadi, zai ji ba daɗi. Shi fa da gaske yake tallansa."

Ibu Meilani ta dube ta, ta dube ni. Kafaɗunta suka fara girgiza, sai ta saki wata dariya mai kama da kukan agwagwa. Shi ke nan ta ɓalle wa matan, suka dasa sabuwa.

"Je ki ce masa a ci gaba," ta ce da ni tana share ido. "Filin nasa ne."

Na fito da gudu, saura kaɗan in yi karo da shi. Ashe ya biyo mu ne ya ƙara roƙonta. Yana tsaye a bakin ƙofar da ba shi da ikon shiga, ya jingina kunne da bango, hawaye na bin hodar fuskarsa.

"Pak, albishirinka! Ibu ta ce..."

Ya sa yatsa a baki.

"Yi shiru, Mbak. Bari su gama tukuna."